Biyayya, Kunya da Kyautata Zato: Bahasi a kan Ƙofofin da Mayaudari ke Bi Ya Mallaki Ɗan Adam

Tsakure

Maƙalar nan bahasi ce a kan hanyoyin da mayaudari ke bi har ya sa mutum baligi, mai cikakken hankali, ya miƙa masa sirrinsa ko dukiyarsa da hannunsa, ba a fasa ƙofa ba, ba a zare makami ba. An gina ta a kan gwaje-gwajen da masana halayyar ɗan adam suka yi a Amurka tsakanin 1951 da 1978, sa'an nan aka auna sakamakonsu da waɗansu ayyukan zamba da suka tabbata a gaban shari'a ko a rahoton hukuma. Abin da ta tsaya a kai shi ne, galibin ƙofofin da mayaudari ke shiga ta cikinsu kyawawan ɗabi'u ne waɗanda kowace al'umma ke yabo, kuma abin da ya fi rufe su shi ne mutum ya sami damar shawara da wani kafin ya aikata.

Gabatarwa

Duk lokacin da labari ya bazu cewa an damfari wane, hukuncin jama'a ba ya wuce ɗayan biyu: ko dai a ce wauta ce ta ja masa, ko kuwa a ce ai kwaɗayi mabuɗin wahala ne, da bai hango riba ba da ba a kama shi ba. Wannan hukunci yana da daɗi ga mai yanke shi, domin yana kwantar masa da rai cewa shi kam ya tsira, tun da a ganinsa shi ba wawa ba ne, ba kuma makwaɗaici ba. Amma wanda ya bi diddigin al'amuran nan ɗaya bayan ɗaya zai iske a cikin waɗanda aka ci da yaudara akwai daraktan banki, da ma'aikatan manyan kamfanonin kwamfuta, da masu jinya waɗanda ba su da ko anini da za su samu cikin abin da aka sa su yi. Lalle kwaɗayi yana da nasa kaso, ba mu kore shi ba, sai dai bai isa ya zama illa guda da za a rataya wa hukuncin baki ɗaya ba, saboda haka ya wajaba a nemi sauran illolin a inda aka gwada su da ma'auni.

Rinjayen jama'a

A shekarar 1951 Solomon Asch ya fara bayyana sakamakon wani gwaji mai sauƙin tsari. Ana zaunar da ɗalibai bakwai zuwa tara, a nuna musu kati mai layi ɗaya, da wani katin mai layi uku, a ce kowa ya faɗa da babbar murya wane ne cikin ukun ya yi tsawo ɗaya da na farkon, alhali duk mutanen ɗakin an haɗa baki da su su ba da amsar kuskure, ban da mutum guda wanda shi ne ake gwadawa. Idan mutum yana shi kaɗai, kuskurensa ba ya kai ɗaya cikin ɗari, amma a tsakiyar taron, kimanin kashi 37 cikin ɗari na amsoshin sun bi kuskuren jama'a, kuma kashi 75 cikin ɗari na mutanen sun ƙaryata idonsu aƙalla sau ɗaya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji Hausawa. Sai dai abin da ya fi amfani ga bahasinmu shi ne abin da ya faru da Asch ya sa mutum ɗaya tak cikin taron ya riƙa faɗin gaskiya: nan take bin kuskure ya ragu zuwa kimanin rubu'in yadda yake a da. Wannan nukuta a riƙe ta, domin za ta sake bayyana a waɗansu gwaje-gwajen da ke tafe.

Biyayya ga mai iko

A 1961, shekarar da aka gurfanar da Adolf Eichmann, tsohon jami'in gwamnatin Nazi ta Jamus, gaban kotu a birnin Ƙudus yana kāre kansa da cewa umarni ya bi, Stanley Milgram ya fara gwajinsa a Jami'ar Yale. Ya sa talla a jarida yana neman maza 'yan shekara 20 zuwa 50 don wani nazari a kan harda, a kan ladan dala huɗu da rabi. Duk wanda ya zo sai a naɗa shi malami, a ɗaure wani dattijo a kujera a ɗakin da ke maƙwabtaka a matsayin ɗalibi, sa'an nan a zaunar da malamin gaban wani akwati mai maɓallai 30 a jere, na farko yana sakin wutar lantarki bolt 15, kowanne yana ɗara na bayansa da 15, har zuwa na ƙarshe mai 450, an kuwa rubuta gargaɗin haɗari a ƙarƙashin waɗanda ke kusa da ƙarshen. Har ma akan ɗanɗana wa malamin bolt 45 a hannunsa don ya gaskata akwatin. Umarnin shi ne, duk sa'ad da ɗalibi ya kuskure amsa, a danna maɓalli na gaba. A haƙiƙa babu wutar da ke isa ga ɗalibin, shi ma cikin shirin yake, amma malamin bai sani ba, yana dai jin an buga bango da ƙarfi daidai bolt 300, daga baya kuma ya ji tsit.

Likitocin ƙwaƙwalwa da Milgram ya tambaya sun yi kirdadon cewa mutum ɗaya cikin dubu ne zai kai maɓallin ƙarshe. Sakamakon da aka buga a 1963 ya nuna 26 cikin 40, watau kashi 65 cikin ɗari, sun kai ƙarshen, kuma babu ko ɗaya da ya tsaya kafin 300. Waɗannan mutane ba azzalumai ba ne masu jin daɗin abin da suke yi, gama an ga suna gumi, suna makyarkyata, suna cizon leɓe, suna in'ina, har 14 daga cikinsu wata irin dariya ta firgici ta kama su. Amma da zarar sun juya ga mai kula da gwajin, wani mutum mai rigar aiki ruwan toka da murya a sanyaye, ya ce musu su ci gaba, sai hannu ya koma kan akwatin.

An yi wa wannan gwaji suka mai ƙarfi, kuma adalci ne a ambace ta. Gina Perry, wadda ta saurari faya-fayan gwajin a ma'ajiyar Yale ta fitar da littafinta a 2012, ta nuna cewa mai kula da gwajin yakan wuce iyakar kalmomin da aka tsara masa wajen matsa wa mutane, kuma waɗansu daga cikinsu sun yi shakkar gaskiyar wutar. Ban da wannan, ga zunubin jefa bayin Allah cikin irin wannan ƙunci ba da saninsu ba, wanda a yau babu jami'ar kirki da za ta yarda da shi. Duk da haka, da Jerry Burger ya maimaita gwajin cikin sassauci, yana tsayawa a bolt 150, rahotonsa na 2009 ya nuna kashi 70 cikin ɗari sun yarda su wuce wannan matakin. Wani abin mamaki ya fito daga aikin Burger: a cikin jimloli huɗu da mai kula da gwajin ke amfani da su, ta huɗun ce kaɗai umarni tsagwaronsa, wadda ke gaya wa mutum ba shi da zaɓi, kuma duk wanda aka kai ga faɗa masa ita sai ya ƙi. Daga nan Alexander Haslam da Stephen Reicher suka yi istinbaɗin cewa mutane ba tsoron umarni ke tura su ba, sun gamsu ne cewa suna taimaka wa wani aiki mai daraja, watau ilimi. Shi kansa Milgram, a littafinsa na 1974, ya lissafa cikin abubuwan da ke ɗaure mutum a kujerar nan har da ladabi, da son cika alkawarin da ya ɗauka tun farko, da nauyin da yake ji na ya dubi mutum ido da ido ya ce masa bai yarda da shi ba. A ra'ayinmu nan ne zuciyar mas'alar take, ko da yake masu naƙalto gwajin sun fi ɗokin ambaton kashi 65 ɗin.

Mas'alar wayar tarho

Milgram ya sake fasalin gwajinsa sau da dama. Da aka ɗauke shi daga Yale zuwa wani ofis maras kwarjini a garin Bridgeport, biyayya ta sauka zuwa 19 cikin 40. Da aka sa abokan aiki biyu suka ƙi ci gaba a gaban malamin, ta faɗi zuwa 4 cikin 40, daidai da abin da Asch ya gani. Da kuma mai kula da gwajin ya fita yana ba da umarni ta waya, kimanin ɗaya cikin biyar ne suka kai ƙarshe, waɗansu ma suna danna ƙaramin maɓalli suna ce masa babba suka danna.

A nan mai lura zai kawo ishkali: idan waya tana raunana biyayya haka, ƙaƙa aka yi ta zama babban makamin mayaudaran zamaninmu? Amsar tana cikin gwajin da Charles Hofling ya buga a 1966. An buga wa masu jinya 22 waya a bakin aikinsu, wata murya da ba su sani ba ta ce ita likita ce, a ba wani majinyaci miligiram 20 na wani magani wai shi Astroten, likitan zai sa hannu a takarda in ya iso. Maganin ba ya cikin jerin waɗanda asibitin ya amince da su, an rubuta ƙarara a jikin kwalin cewa iyakar abin da ake bayarwa a yini miligiram 10 ne, dokar asibiti kuma ta hana karɓar irin wannan umarni ta waya. Amma 21 cikin 22 suka ɗauko maganin za su bayar sai da aka tare su. Bambancin da ke tsakanin gwaje-gwajen biyu, a fahimtarmu, shi ne cewa Milgram ya umarci mutum da abin da zuciyarsa ke ƙyama, ga kuma shaidar cutarwa tana shiga kunnensa, saboda haka yana bukatar mai iko tsaye a kansa; Hofling kuwa ya umarci mai jinya da abin da ya yi kama da aikinta na kullum, wanda ta saba yi cikin gafala, sai muryar kaɗai ta wadatar. Ƙwararren mayaudari ba ya neman ka yi abin da ka san mummuna ne, yakan tufatar da buƙatarsa da rigar al'ada.

Gwajin Ellen Langer na 1978 ya ƙarfafa wannan. Mai neman a bar shi ya tsallake layi a wurin injin kwafin takardu, in shafi biyar ne gare shi kuma bai ba da dalili ba, kashi 60 cikin ɗari ke yarda. In ya ce sauri yake yi, kashi 94. In kuwa ya ba da dalilin da ba dalili ba ne, ya ce a bar shi domin kwafi zai yi, kashi 93. Siffar hujja ta isa, ko da babu hujjar, muddin abin da aka nema ƙarami ne a ido, domin da shafukan suka zama ashirin dalilin banzan bai ƙara kome ba. Gwajin Hofling ma an maimaita shi a 1977, inda Rank da Jacobson suka yi amfani da Valium, maganin da masu jinya suka sani, suka kuma bar musu damar magana da abokan aikinsu, sai 16 cikin 18 suka ƙi bin umarnin.

Daga ɗakin gwaji zuwa duniya

Waɗannan dabaru sun girmi jami'o'in Amurka nesa ba kusa ba. Ibnu Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya yi fasali a kan masu neman taskokin da aka binne, inda ya siffanta waɗansu mutane da ke zuwa wa masu hali da tsofaffin takardu masu yagaggen gefe, da rubutun baƙin harshe, suna cewa bayanin wurin taska ne, ba abin da ya rage sai kuɗin haƙa da kariyar mai faɗa a ji. Kafinsa, a ƙarni na 13, Al-Jaubari mutumin Dimashƙa ya wallafa littafi sukutum a kan tona asirin irin waɗannan mutane. Tsarin bai sāke ba har zamanin Emmanuel Nwude, tsohon daraktan banki a Nijeriya, wanda ya yi sojan gona da sunan Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Paul Ogwuma, ya sa wani daraktan bankin Noroeste na ƙasar Birazil ya riƙa turo kuɗi tsakanin 1995 da 1998 don kwangilar filin jirgin sama a Abuja wanda babu shi, asarar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 242, har kotu a Legas ta same shi da laifi a 2005. A nan kwaɗayi ya yi aiki, tun da an yi wa daraktan alkawarin kamasho. Amma kwaɗayi ba ya bayyana yadda mutum zai yi shekaru yana tura kuɗi kashi bayan kashi. Abin da ke bayyana wannan shi ne abin da Freedman da Fraser suka gani a Kalifoniya a 1966: masu gidajen da aka roƙa kai tsaye su kafa wani ƙaton allo mummuna na gargaɗin direbobi a ƙofar gidansu, kashi 17 cikin ɗari ne suka yarda, amma waɗanda aka fara sa su liƙa ɗan ƙaramin tambari makonni biyu kafin nan, kashi 76 suka yarda. Akwatin Milgram ma da 15-15 yake hawa. Wanda ya riga ya biya sau uku, tsayawa a na huɗu yana nufin ya shaida wa kansa cewa ukun farko wauta ce, nafsu kuwa ba ta son wannan shaida.

Kevin Mitnick, shahararren mai kutsen kwamfuta da aka kama a 1995, ya gaya wa Majalisar Dattawan Amurka a shekarar 2000 cewa sau da yawa ta hanyar mutane ya fi samun shiga. Shekaru ashirin bayan haka, ranar 15 ga Yuli 2020, waɗansu samari, cikinsu har da ɗan shekara 17, suka shiga asusu 130 na Twitter, har da na Barack Obama da Joe Biden da Bill Gates, suka tara kuɗin intanet na kimanin dala 118,000. Rahoton hukumar kula da harkokin kuɗi ta jihar New York ya nuna yadda suka yi: sun buga wa ma'aikatan kamfanin waya ne suna cewa daga sashen gyaran kwamfuta suke, sun kira ne a kan matsalar shiga na'urorin ofis daga gida, matsalar da ma'aikatan ke fama da ita da gaske a kwanakin annobar korona. Muryar likitan Hofling ce ta dawo da wata riga.

Mutumin kirki da ɗan damfara

A laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye goma, cikinsu akwai amana, da karamci, da haƙuri, da kunya, da ladabi, da mutunci. Duk wanda ya karanta abin da ya gabata zai ga cewa waɗansu daga cikin waɗannan su ne igiyoyin da Milgram ya ce suna ɗaure mutum, kuma mu da muka tashi a cikin tarbiyyar da ke ganin katse wa mutum magana rashin kunya ne, tuhumar baƙo kuma rashin kara ne, abin ya shafe mu ƙwarai.

A dubi kiran nan da ya zama ruwan dare tun bayan da aka shigo da BVN, lambar tantance masu asusun banki, a 2014. Wayar dattijo ta yi ƙara yana zaune a rumfarsa, murya mai ladabi ta yi sallama ta kira cikakken sunansa: "Ranka ya daɗe, Alhaji, daga bankinka ne. An samu matsala a BVN ɗinka, in ba a gyara yau ba za a rufe asusun. Kada ka kashe wayar, Baba, yanzu za a turo maka waɗansu lambobi, sai ka karanto mini in ƙarasa maka aikin." A cikin wannan 'yar magana akwai ikon hukuma, akwai siffar dalili, akwai buƙata ƙarama mai kama da al'ada, akwai kuma girmamawar da ke sa dattijon jin nauyin ya ce wa yaro mai hidimta masa, "Ban yarda da kai ba." Amma jimlar da ta fi kowacce aiki ita ce wadda ta hana shi kashe wayar, domin ita ce ke raba shi da ɗansa da ke cikin shago, da maƙwabcinsa na rumfa, watau mutum ɗayan nan na Asch, da abokan aikin nan da suka sa masu jinya 16 suka ƙi. Bayan abin ya faru kuma, kunyar da ta hana shi tuhuma ita ce za ta hana shi faɗa, sai ɗan damfara ya sami sutura daga wanda ya cuta.

Ba mu ganin magani a cikin koya wa jama'a munana zato, gama kasuwar da ake ba da kaya bashi da kalmar baki ba za ta rayu kwana ɗaya ba in an cire yarda, kuma al'ummar da ta zubar da kunya don gudun damfara ta yi asarar da ta fi wadda take gudu. Malaman Musulunci sun warware wannan mas'ala tun da daɗewa ta hanyar raba mutuncin mai magana da tabbatar da maganarsa. Aya ta shida ta Suratul Hujurati ta aza ƙa'idar bincikar labari kafin a yi aiki da shi, malaman hadisi kuma suka gina ilimin isnadi da na jarhu da ta'adili, inda ake iya shaidar mutum da salihanci amma a ƙi karɓar riwayarsa saboda raunin kiyayewarsa, ake kuma dakatar da riwayar wanda ba a san ko wane ne ba, ba tare da an kira shi maƙaryaci ba. Muryar da ke cikin waya majhuli ce a istilahinsu, kome zaƙin ladabinta, kuma tambayar isnadinta ba cin mutunci ba ne.

Nauyin wannan bai kamata ya tsaya a kan ɗaiɗaikun mutane ba, tun da gwaje-gwajen sun nuna cewa yanayin da aka sa mutum ya fi rinjayar aikinsa bisa ga gargaɗin da aka yi masa. Masu jinyar Hofling ai sun san doka sarai. Abin da ya wajaba a kan bankuna da asibitoci da ofisoshi shi ne su mai da ajiye waya da sake kira ta lambar da aka sani wani sashe na aikin kansa, yadda ƙaramin ma'aikaci ba zai bukaci jarunta ba kafin ya yi shi. Wannan kuwa ba zai tabbata ba sai ranar da manajan gaske ya kira akawunsa yana gaggawa, akawun ya ce, "Ranka ya daɗe, bari in kira ka ta lambar ofis," manajan kuma ya jira kiran bai hukunta shi ba.